Shin Ko Kun San? Ba Kowane Ganye Ne Ke Karɓar Fata Ba

Shin ko kun san cewa mace tana iya shekara goma tana shafa mai iri ɗaya lafiya lau, rana tsaka fatarta ta ce ba ta san zancen ba? Ba sammu ba ne, ba kuma dole ne man ya lalace ba. Garkuwar jiki ce ta yi wa wani sinadari da ke cikinsa shaida, kamar yadda mai gadi ke riƙe fuskar wanda ya taɓa zargi. Wannan shaidar takan ɗauki kwana 10 zuwa 14 tana ginuwa a ɓoye, ba ƙaiƙayi ba ƙurji. Daga nan duk ranar da abin ya sake taɓa fata sai rikici, ko da ɗan kaɗan ne, kuma galibi jiki ba ya mantawa har ƙarshen rai. Alaji ke nan.

Shin ko kun san cewa irin wannan alaji ba ya fitowa nan take? Yakan jira awa 12 zuwa kwana uku. A shafa abu ranar Talata, ƙuraje su feso ranar Alhamis, sai laifi ya faɗa kan waken da aka ci jiya ko ruwan rijiyar maƙwabta. Kwalbar da ta yi ɓarnar tana nan kan madubi, gobe ma a sake lakata.

Kun san kuwa cewa ƙuna daban, alaji daban? Wajen kashi 80 cikin 100 na ciwon da taɓa wani abu ke jawo wa fata ƙuna ce kawai: abin yana da kaifi, kowa ya shafa da yawa zai ji a jikinsa. Nonon tumfafiya da na aguwa suna cikin wannan sahun, shi ya sa ake kwaɓar yara kada su kai shi ido, don na tumfafiya yana iya dushe gani na kwanaki. Alaji shi zaɓe yake yi. Mata goma su zauna a tabarma ɗaya a yi musu ƙunshi daga kwano ɗaya, tara su tashi lafiya, ɗaya ta kwana tana susa.

Shin ko kun san cewa garin Mallawa da ke ƙasar Damagaram yana ƙarƙashin Magaria ne har zuwa 2011, lokacin da aka yanke Dungass ta zama gunduma mai zaman kanta? Takarda ta sauya, hanyar kasuwa ba ta sauya ba. Kayan kwalliya da yawa da ke kan teburan yankin daga kudu suke shigowa, daga Kano ta Babura da Maigatari mai ci ranar Alhamis. Rubutun da ke jikinsu Ingilishi ne ko Larabci ko na Indiya, a ƙasar da ƴan boko suka yi karatu da Faransanci. Wasu ma ba rubutu ko kaɗan, an ɗura su ne a robar da aka wanke. Hoton ganye dai ba ya rasa zama a jiki, don shi ne ke sayar da kaya.

Shin ko kun san cewa lallen gargajiya, wanda ake daka ganyensa a kwaɓa da ruwa, yana cikin abubuwan da ba su cika tayar da alaji ba? Sinadarin da ke cikinsa, lawson, yana kama saman fata ya bar ja. Yana buƙatar sa'o'i kafin ya kama, shi ya sa iyayenmu ke ɗaure hannu da ƙafa su kwana da shi, kuma launin yakan fara da ruwan goro ya yi ta nuna har kwana biyu. Ganyen lalle bai taɓa ba da baƙi ba. Duk ƙunshin da ya yi baƙi wuluk cikin rabin awa, wani abu aka zuba masa.

Abin da aka fi zubawa shi ne PPD, sinadarin rinin gashi, wanda ke cikin dayis. Ba ganye ba ne, daga masana'anta yake fitowa. A Tarayyar Turai an yarda da shi a rinin gashi, kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa, kuma ba a yarda a zana shi a fata ba. Wani bincike da aka buga a 2010 kan baƙin lallen shagunan kwalliya na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya tarar da wanda PPD ɗinsa ya kai kusan kashi 30. Ku auna tazarar da kanku. Tun a 2006 ƙungiyar likitocin alajin fata ta Amurka ta zaɓe shi a matsayin sinadarin da ya fi cancantar a yi hattara da shi a shekarar.

Ko kun san yadda yake bayyana? Ga wadda jikinta bai taɓa haɗuwa da shi ba, sai bayan kwana 4 zuwa 14, lokacin an gama biki an watse, amarya tana ɗakinta. Zanen ya kumbura daidai yadda aka zana shi, fure ya tashi fure, reshe ya tashi reshe, ya yi bororo yana tsattsafo da ruwa. In ya warke ya bar tabo fari ko baƙi mai siffar zanen, wani na wata da watanni, wani ya zama tudun tabo ga mai irin wannan fata. Ga wadda ta taɓa yi kuwa, kwana ɗaya zuwa uku ya isa.

Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Jikin da ya yi wa PPD shaida yakan haɗa da danginsa: rinin gashi, rinin wasu baƙaƙen yadudduka, baƙar roba, da maganin kashe zafi na shafawa mai suna benzoken. Yarinyar da aka yi wa baƙin lalle da Sallah tana shekara bakwai tana iya girma ta rina gashi ta tashi da fuska a kumbure, ido a rufe. A Ingila wata mata ta rasu a 2012 bayan ta shafe shekara guda a sume sakamakon rinin gashi, kuma binciken kotu a 2015 ya danganta tsanantar alajinta da baƙin lallen da aka yi mata a Dubai a 2007. A ganina yi wa ƙananan yara baƙin lalle ganganci ne tsantsa, komai kyan hoton da za a ɗauka.

Shin ko kun san cewa garin dayis guba ne in an haɗiye? Yana kumbura harshe da maƙogwaro ya toshe numfashi, ya kuma lalata ƙoda. Likitocin Khartum sun ba da rahoton yara 31 da aka kwantar a kan haka tsakanin 1984 da 1989, 13 daga cikinsu ba su tashi ba. Kada a bar ƙullinsa inda hannun mai rarrafe zai kai.

Kun san kuwa cewa kafin dayis kakanninmu suna da nasu baƙin? Katambiri ne, ruwan ɗan itace da ake ɗiga wa fuska, da kuma shunin baba.

Shin ko kun san cewa jan lallen ma, duk da sauƙin kansa, ba na jarirai ba ne? Akwai wani rashi da ake gado a cikin jini, na sinadarin G6PD, ya yawaita a Afirka ta Yamma kuma ya fi kama maza. Jaririn da ke da shi in aka lafta masa lalle a jiki, lawson yana ratsa fata ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini. A 1996 likitoci a Kuwait sun ba da labarin jarirai 15 da hakan ya faru da su. Wannan ba alaji ba ne, ya ma fi shi gaggawa. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, yaro ya yi laushi: a nufi asibitin Magaria ko wanda ya fi kusa, ba a jira gari ya waye.

Shin ko kun san cewa lemun tsami da rana ba sa ga maciji a kan fata? A ɓawonsa da ruwansa akwai sinadaran furokumarin, waɗanda hasken rana ke tayarwa su ƙone wurin. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai zafi da bororo, daga baya baƙin tabo mai bin sawun inda ruwan ya gangara, har da shatin yatsu, ya yi watanni bai gushe ba. Wadda ta goga lemun tsami don fuska ta yi haske, sannan ta fita ɗibar ruwa da rana tsaka a watan Afrilu, garin neman gira za ta rasa ido. Wannan kowa yana iya kamawa. Tun a 1916 wani likitan Jamus, Freund, ya lura da irin wannan tabo a jikin masu shafa turare mai man lemun bargamot su shiga rana.

Ko kun san cewa tafarnuwar da ake dakawa a ɗaure a kan makero tana ƙona fata har ta saɓule, musamman ta yaro? Ga masu girki kuma tana da nata alajin mai alama ta musamman: kan babban yatsa da manuniya da na tsakiya, na hannun da ke riƙe ta ba na mai riƙe wuƙa ba, su bushe su tsattsage.

Shin ko kun san cewa mangwaro da yazawa da danya ƴan gida ɗaya ne a wurin masana tsirrai? Man da ke cikin ɓawon ƙwallon yazawa yana ƙuna, ƴan makaranta ma sun sani tunda da shi suke rubuta sunansu a dantse, kuma yana iya sa jiki ya yi shaida. Wanda hakan ta same shi, ɓawon mangwaro da ƙaronsa sukan tayar masa da ƙuraje a gefen baki, alhali tsokar ba ta yi masa komai in wani ya fere masa. Ita kuwa danyar da awaki ke kiwo a gindinta, man ƙwallonta ne ake sayarwa a Turai da sunan marula, ƴar kwalba da tsadar gaske.

Shin ko kun san cewa abinci yana iya zama abokin gaba ta hanyar fata? Wannan ya shafi ƙasar Magaria kai tsaye, ƙasar gyaɗa tun zamanin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ke awonta. A 2003 an buga wani bincike da ya bi yara kusan 14,000 a yankin Bristol na Ingila. Ya nuna cewa yaran da suka kamu da alajin gyaɗa, mafi yawansu an shafa musu mai mai ɗauke da man gyaɗa a kan fata mai ƙuraje suna jarirai. Sai kuma a 2015 wani binciken a Landan, kan jarirai 640, ya nuna cewa waɗanda aka fara ba abinci mai gyaɗa da wuri sun fi tsira daga alajin da wajen kashi 80 cikin 100. Wato hanji yana koya wa jiki haƙuri, fatar da ta tsage kuma tana koya masa gaba. Kunun gyaɗar da uwa ke ɗura wa ɗan da ya fara cin abinci ba laifi ba ne. Man ƙuli mai ƙamshi, wanda ba a tace ba, shi ne bai kamata a mulke jariri mai kirci da shi ba. Haka man riɗi.

Japan ta ga irin wannan da idonta. Wani sabulun wanke fuska mai ganyen shayi, Cha no Shizuku, da miliyoyin mata suka saya, an zuba masa sinadarin da aka tatso daga alkama don ya yi kumfa mai laushi. Fiye da mutum 2,000 suka wayi gari ba sa iya cin burodi ko taliya, da sun ci sai fatar ido ta kumbura, wasu har numfashi ya sarƙe. An janye sabulun daga kasuwa a watan Mayu na 2011. Ganyen shayi da alkama, ba abin da ya fi su kama da lafiya a ido.

Shin ko kun san cewa turare yana tsufa, kuma tsufansa ya fi ƙuruciyarsa cizo? Limonin na ɓawon lemu da linalul na furanni ba su cika damun fata ba suna sababbi. Da iska ta shige su sai su rikiɗe su zama masu tayar da alaji, zafi da haske kuma suna gaggauta hakan. Ku tuna kwalbar da ta yi wata uku a kan tebur cikin ranar Damagaram, ana buɗewa ana sansanawa ana rufewa. Kanumfari yana da yujinol, kirfa tana da nata sinadarin, dukansu sanannu ne a wurin likitocin fata, kuma kanumfari na shiga humra da dilka da haɗe-haɗen gyaran jikin amare. Kurkum ma an sha samun masu alajinsa a Indiya, inda ake shafa shi fiye da ko'ina. Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta sunayen sinadaran ƙamshi 26 a jikin kwalba tun dokar 2003, a 2023 ta ƙara wasu 56. Yawancinsu a cikin tsirrai ake samunsu.

Kun san kuwa cewa ƙaron da ake kira balsam na Peru, ɗaya daga cikin abubuwan da likitoci ke gwada alajin turare da su, ba a Peru ake tatsarsa ba? Daga El Salvador yake. Ta tashar jirgin ruwan Peru ake fitar da shi zuwa Turai a zamanin mulkin Sifaniyawa, sunan ya bi shi.

Shin ko kun san cewa sabulun salo, duk da farin jininsa, yana da kaifin toka? Fatar mutum tana da ɗan tsami, ma'auninta wajen 5, sabulu kuwa yakan kai 9 ko 10. A wanke a ɗauraye ba komai. A shafa a fuska a bar shi ya bushe don a kashe ƙuraje, sai ya kwashe maiƙon da ke tsare fata. In aka haɗa da hunturu, lokacin kaushi da faso, ƙofa ta buɗe wa duk abin da za a shafa daga baya. Dirzar dilka da cirar halawa ma haka suke barin fata, shi ya sa turare da lemun tsami a ranar da aka yi su ba dabara ba ce.

Ko kun san cewa man kaɗanya yana cikin waɗanda suka fi zama lafiya da fata? Furotin ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, alajinsa kuma abu ne mai wuyar samu. In an ji ya yi wa wata illa, a fara tambayar abin da aka narka a ciki.

Don kuwa, shin ko kun san cewa da yawa daga cikin haɗin da ake tallatawa a waya da sunan oganik, mai sa haske cikin mako guda, ba ganye ne ke aikin ba? Karas da gwanda da kurkum ba sa sauya launin mutum a kwana bakwai. Abin da ke yin haka shi ne kilobetasol, maganin asibiti mai ƙarfi, ko haidurokwinon, ko sinadarin makuri. Kilobetasol yana sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsage cinya da dantse, makero ya bazu ya ɓad da kama. Muguntarsa ita ce yana danne ƙaiƙayi, sai an daina shafawa fuska ta yi bore, mai haɗin ta ce ai kin gani, dainawar ce ba ta karɓe ki ba. Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Ko wanda asalinsa itace ne bai tsira ba: a 2013 kamfanin Kanebo na Japan ya janye mayukan haskensa masu sinadarin rododenol, wanda aka kwaikwayo daga na ɓawon wata bishiya, bayan ya bar wa mutum kusan 20,000 dabbare-dabbaren fari.

Shin ko kun san cewa jan da littattafan likitanci ke cewa a duba ba ya fitowa sosai a baƙar fata? A jikinmu wurin yakan yi duhu ne ko toka-toka, ya yi kauri, ya yi gautsi. Ƙaiƙayi da kumburi da ƙananan ƙuraje masu ruwa su ne abin lura, da kuma iyakar wurin: in ciwon ya tsaya daidai inda aka shafa abu, ya faɗi sunan mai laifi. Masu cewa dattin jiki ne ke fita, a daure a ci gaba, ba su da hujja ko ɗaya. Fata ba ta fitar da datti ta hanyar bororo.

Shin ko kun san cewa gwajin gano mai laifin ya haura shekara 125? Likita Josef Jadassohn ne ya fito da shi a 1895. Ana manna sinadarai kaɗan-kaɗan a gadon baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Aikin likitan fata ne, sai manyan asibitoci. A gida akwai mai sauƙi ga man shafawa: a ɗan shafa a cikin gwiwar hannu safe da yamma har mako guda kafin a kai shi fuska. Shafawa sau ɗaya a jira minti biyar ba gwaji ba ne. Baƙin lalle kam ba a gwada shi, gwajin kansa yana iya zama ranar da jiki zai yi masa shaida. Tambaya ce maganinsa, kuma ba rashin kunya ba ne a ce wa mai ƙunshi, “Yaya, don Allah me da me kika zuba a ciki?” Ita ma ta sa safar hannu, don ta fi kowa taɓa shi.

Kun san kuwa cewa akwai nau'in da ba ya jiran kwana? Borin jini ya taso cikin mintoci, leɓe da fatar ido su kumbura, murya ta dushe, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Wannan allurar adirenalin yake so, ba jiƙo ba, ba hayaƙi ba, kuma a kan babur ake neman asibiti. Wanda ya tsaya a fata kuwa, a wanke wurin da ruwa mai yawa, a daina shafa abin, kada a fasa bororon, kada a bi shi da toka ko man goge baki ko wani sabon ganye. Yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu in an rabu da sanadin. In za a je wurin likita, a Dungass ne ko Magaria ko babban asibitin Damagaram, a tafi da kwalbar ko ƙullin garin, har da wanda aka daɗe ana shafawa ana ganin ba ruwansa.